Cika Murabba'i: Tafiyar Wata Dabarar Lissafi Daga Bagadaza Zuwa Dutse

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan makaranta a ƙasar Hausa, har ma da wasu iyayensu, cewa lissafi mai zurfi kayan Bature ne, wanda ya zo da shi tare da jirgin ƙasa da kuɗin takarda, kuma wai shi ya sa yake yi wa yaran Arewa wuya. Wannan magana tana da ɓarna ƙwarai, domin yaron da aka riga aka gaya masa cewa abu ba na gidansu ba ne, da wuya ya saki jiki da shi. A ɗaya gefen kuma akwai masu mayar da martani da zafi, su ce ai babu abin da Turawa suka ƙago, duk daga wajen Musulmi suka kwasa. Su ma waɗannan sun wuce gona da iri. Hanyar da ta fi dacewa a raba wannan gardama ita ce a ɗauki dabara guda tak, a bi sawunta daga inda aka fara ganinta har zuwa inda take a yau, a ga hannuwa nawa suka taɓa ta, a kuma ga inda Bahaushe ya shigo cikin labarin.

Dabarar da aka zaɓa ita ce wadda za a iya kira cika murabba'i. Yaro yakan fara haɗuwa da ita a makarantar sakandare, sa'an nan ta ɓace masa, sai kuma ta sake tare shi a jami'a, a darasin kalkulas, lokacin da aka ba shi lissafin da ba ya warwaruwa sai an cika murabba'i an kuma yi musanya da ma'aunan kusurwa. Ɗaliban lissafi da kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutse suna fama da ita kamar yadda takwarorinsu ke yi ko'ina a duniya.

Gonar Alhawarizmi

A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki a Bagadaza daga 813 zuwa 833, wani malami mai suna Muhammad bin Musa Alhawarizmi ya rubuta ɗan littafi a kan hisabin jabru da muƙabala. Daga kalmar aljabru aka sami sunan fannin aljabara a harsunan Turai, daga sunan malamin kansa kuma aka sami kalmar da masana kwamfuta ke amfani da ita a yau wajen kiran jerin matakan warware matsala. Babu alama ko harafi ɗaya na lissafi a cikin littafin, kome da kome da zance aka yi shi, kamar yadda malami ke karantar da fiƙihu a zaure. Adadin da ake nema yakan kira shi jizri, watau saiwa. Idan an ninka shi da kansa kuma ya kira shi malu, watau dukiya. Adadin da aka sani kuwa yakan lissafa shi da dirhami.

Misalinsa da ya fi shahara shi ne na dukiya ɗaya da saiwoyinta goma da suka tashi dirhami 39. Ana son a san saiwar. Da rubutun zamani sai a ce x² + 10x = 39. Umurnin da ya bayar gajere ne: a raba goma biyu a sami 5, a ninka 5 da kansa a sami 25, a ƙara wa 39 ya zama 64, a fitar da saiwar 64 ita ce 8, a debe 5, saura 3. Mai shakka ya gwada: uku sau uku tara, goma sau uku talatin, jimla 39.

Abin da ya ɗaga darajar littafin shi ne malamin bai tsaya ga umurni ba, sai da ya zana dalili. Mai sauraro ya ƙaddara wani manomi a Kiyawa yana da gona mai kusurwa huɗu, tsawonta daidai da faɗinta, amma ba a san ko taki nawa ba ne. Sai ya sayi wani tsiri a gabas da ita, mai faɗin taki 5, tsawonsa daidai da gonar, ya kuma sayi irinsa a kudu. Gonar da tsirin nan biyu, idan an haɗa, filinsu 39 ne. Wanda ya tsaya ya dubi filin zai ga ya kusa zama murabba'i babba, sai dai akwai giɓi a kusurwar kudu maso gabas, inda tsiri biyun suka kasa haɗuwa. Giɓin nan taki 5 ne ta kowane gefe, watau 25. In an aro shi an cike, fili ya zama murabba'i cikakke mai 64, wanda gefensa 8 ne. Daga cikin takwas ɗin nan biyar na tsiri ne, saura uku na gonar asali. Cika murabba'i ke nan, kuma sunan ba kinaya ba ne: giɓi ne ake cikewa a zahiri. Alhawarizmi ya kawo wani zane dabam, inda aka raba saiwoyi goman gida huɗu, aka jera su a gefe huɗu na gonar, kowane tsiri mai faɗin biyu da rabi, sai giɓi ya zama huɗu, kowanne shida da rubu'i, jimlarsu 25 ɗin dai.

Ba shi ne ya fara gano wannan hanya ba. Fiye da shekara dubu biyu kafin a haife shi, marubutan Babila, a wannan ƙasa ta Iraƙi, suna rubuta irin wannan lissafi a kan allunan yumɓu. Akwai wani allo daga cikinsu a gidan tarihi na Ingila da ke London, wanda tambayarsa ta farko ita ce: an haɗa filin murabba'i da gefensa an sami kashi uku cikin huɗu, mene ne gefen? Matakan da aka bi su ne na Alhawarizmi sak, amsar kuwa rabi ce. Girkawa sun yi nasu da zane a littafin Yuklid, wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, Barahmagufta na ƙasar Hindu kuma ya rubuta tasa ƙa'idar a 628. Aikin malamin Bagadaza shi ne ya tattara matsalolin ya kasa su iri shida, ya ba kowane iri hanyarsa, ya kuma kawo hujjoji da zane, ta yadda abin da yake tarin dabaru ya koma fanni mai kansa, wanda za a iya karantarwa daga farko zuwa ƙarshe.

Yana da kyau kuma a lura da waɗanda ya rubuta wa littafin. A gabatarwa ya ambaci bukatun mutane na rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye da haƙar magudanan ruwa, kuma kusan rabin littafin matsalolin wasiyya da gado ne. Ashe aljabara tun ran gini an yi mata zane a kotun alƙali. A 1145 wani Bature mai suna Robert na Chester ya fassara sashen farko zuwa Latin a ƙasar Andalus, daga nan ya shiga makarantun Turai.

Hisabi a zaure

Ta ƙofar gado ɗin nan ce lissafin Larabawa ya fi shigowa ƙasar Hausa, kuma babban shaidar haka harshen ne da kansa. Bahaushe yana ƙirga ɗaya zuwa goma da kalmominsa, amma daga ashirin zuwa casa'in duk aro ne daga Larabci, alhali kuwa yana da nasa tun da can, irin su gomiya biyu da gomiya uku, da hauya, da zangu na masu ƙirga wuri. Metan da arbaminya da hamsaminya da alfyan duk sun biyo wannan hanya. Sunayen ɓangarori sun fi nuna asalinsu a fili: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Ba abin mamaki ba ne, tun da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi su ne kason da Alƙur'ani ya yanka wa magada. Sifiri da jimla da murabba'i da hisabi kansa duk tafiyarsu ɗaya.

Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai, in ya kai babin fara'ili a Risala ta Ibn Abi Zaid, dole ya koyi lissafin ɓangarori, ko yana so ko ba ya so. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Matar tana da sumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, iyayen kowanne yana da sudusi. In an mai da asalin mas'alar 24, matar ta sami 3, 'ya'yan 16, iyayen 4 da 4, jimla 27, watau kaso ya fi dukiya yawa. Sai malamai su yi abin da ake kira auli, su ɗaga asalin daga 24 zuwa 27, kowa ya ɗan rage daidai gwargwado, har sumunin matar ya koma ɗaya cikin tara. Malamin da ke yin wannan da tawada a kan allo, ko da yatsa a kan rairayi, ba baƙon lissafi ba ne. Abdullahi ɗan Fodiyo, a inda ya jera fannonin da ya karanta da malaman da ya karanta a wajensu, ya ambaci hisabi cikin abin da ya ɗauka daga yayansa Shehu Usmanu.

Bakatsinen da ya rasu a Masar

Daga cikin malaman ƙasar Hausa babu wanda sunansa ya shiga tarihin lissafi na duniya kamar Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, wanda Larabawa ke rubutawa Alkashnawi. Ya taso a Katsina bayan zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani, lokacin da birnin ke cike da malamai da fatake. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi da wani Shehi Muhammadu Bindu. Ya tafi aikin hajji wajen 1730, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya sauka a gidan Shehi Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin taurari ne. A wannan gida ya rasu a 1741, bayan ya bar wasiyyar littattafansa a hannun maigidan. Ɗan Hasan, watau Abdurrahman Aljabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a littafinsa ne aka adana labarin Bakatsinen, har da cewa mahaifinsa ya ɗauki ilmin aufaƙu a wajensa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne: malami ya tashi daga Katsina, ya je birnin Azhar, manyan garin su zauna gabansa suna ɗaukar karatu.

Ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi da taurari, amma wanda ya fi jawo hankalin masana lissafi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala a shekara ta 1145 ta Hijira, watau tsakanin 1732 da 1733. Batunsa shi ne abin da Hausawa ke kira hatimi. Hatimi murabba'i ne da aka yanka gida gida, aka zuba lambobi a ciki ta yadda duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za a samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, kowane layi 15. Lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, in an mai da su haruffa bisa hisabin abajada, su ne suke ba da sunan Buduhu da aka sani a layu.

Ko wannan ɗan ƙaramin yana da hujja a cikinsa. Me ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, kowanne 15, jimlarsu 60. Layukan nan sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Jimlar ɗaya zuwa tara 45 ce, saura 15 ke nan, wanda shi ne gidan tsakiya sau uku. Don haka biyar ce, babu makawa. Bakatsine ya wuce nan nesa, ya bayyana hanyoyin gina duk hatimin da gefensa mara ne, mai 5 wanda layinsa 65, mai 7 wanda layinsa 175, mai 9 wanda layinsa 369, har abin da ya yi sama, kuma cikin hanyoyin akwai wadda ake tsallaka gidaje irin tsallen doki a darar Larabawa da suke kira shataranji. Hassan Gwarzo ya yi nazarin wani ɓangare na aikinsa a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a littafinta kan ƙirga a Afirka a 1973.

A nan ne ake bukatar taka tsantsan. Kalmar murabba'i ta haɗa hatimi da dabarar Alhawarizmi, amma su biyun ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya ce Bakatsine ya yi kalkulas ya ɗora masa kayan da bai ɗauka ba. Shi kansa ya ɗauki hatimi a matsayin ilmin asirai, wanda ya haɗa haruffa da taurari da sunaye, kuma ya so a ɓoye shi daga wanda bai cancanta ba. Wannan ɓoyo ya yi tasiri, domin ilmin da ake rufewa a gafaka ba ya samun masu gardama da shi, ilmin lissafi kuwa da gardama yake girma. Amma wanda ya raina aikin don an rubuta shi saboda laya, shi ma ya yi kuskure, gama ƙa'idodin da ke ciki daidai suke ko an gaskata da layar ko ba a gaskata ba. Babban masanin lissafin Turai na wannan ƙarni, Leonhard Euler, bai ga hatimi ya yi masa ƙanƙanta ba, har takarda ya gabatar a kansa a 1776.

A daidai shekarun da Bakatsine ke rubutu a Masar, ƙasar Dutse tana cikin wani hali dabam. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kai wa Dutse yaƙi, kuma shi ne ya tsananta haraji a kasuwar Kurmi, har malamai ma bai ƙyale ba, abin da ya sa Larabawan Kano suka koma Katsina. Malami yana bin inda ake da kwanciyar hankali da takarda da mai ciyar da shi, shi ya sa tarihin ilmi ba ya rabuwa da tarihin sarauta da kasuwa.

Aljihu da inuwa

Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin na ilmin kusurwoyi ne, wanda masana taurari suka raina. Malaman Hindu, irin su Aryabata wanda ya yi rubutu a 499, sun dubi yankin da'ira kamar baka, layin da ya haɗa bakinsa biyu kuma kamar tsirkiya, sai suka riƙa lissafi da rabin tsirkiyar, suna kiranta jiya ko jiba. Da Larabawa suka ari kalmar sai suka rubuta ta da jimun da ya da ba, babu wasali, masu karatu na baya kuma suka karanta ta jaibu, watau buɗin wuyan riga inda ake ajiya. Masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka bi wannan ma'ana suka ce sinus, daga nan aka sami sain da ake rubutawa sin a allo. To wannan jaibu ɗin, da alif da lam a gabansa, shi ne Bahaushe ya ara ya ce aljihu. Ɗalibin da ke rubuta sin da hannun dama, hannunsa na hagu yana cikin kalmar.

Ma'aunin da ake kira tanjan kuwa, malaman Musulunci inuwa suke ce masa, domin daga inuwar sanda aka same shi. Sukan kasa sandar yatsa 12 ko ƙafa 7, su jera a jadawali tsawon inuwa ga kowane hawa na rana. Habash Alhasib da Albattani, wanda ya rasu a 929, da Abul Wafa, wanda ya rasu a 998, duk sun yi aiki a kan wannan, Albiruni kuma littafi guda ya rubuta a kan inuwoyi. Dalilin himmar a bayyane yake: lokutan salla da alƙibla. Ladanin ƙauye da ke tsayawa a rana yana auna inuwarsa da tafin ƙafa, yana jiran ta ƙaru da tsawonsa a kan inuwar zawali kafin ya kira la'asar, da wannan ma'auni yake aiki, har da ƙa'idar cewa tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne. Layin da ya tashi daga kan sanda zuwa ƙarshen inuwa kuma shi ne ake kira sikan a yau. Sanda da inuwa da wannan layi alwatika ne mai kusurwa a tsaye, don haka murabba'in sanda da murabba'in inuwa, in an haɗa, su ne murabba'in layin. Duk musanyar da ake yi a kalkulas a kan wannan gaskiya guda take tsaye.

Inda hanyoyin suka haɗu

Kalkulas yana da reshe biyu, wanda ya shafi wannan bayani shi ne na tarawa, watau a yanka fili mai lanƙwasa siriri siriri, a auna kowane yanki, a tara. Arkimidis ya taɓa wannan, Ibnul Haisam ma ya taɓa a Alƙahira kafin rasuwarsa wajen 1040, Madawa na Kerala a ƙasar Hindu ya yi nisa ƙwarai a ƙarni na 14. Amma waɗanda suka mai da shi hanya gama gari su ne Newton a Ingila, a 1665 da 1666, da Leibniz Bajamushe, wanda ya buga nasa a 1684 da 1686. Wannan nasu ne, kuma babu amfanin musu a kai. Euler, wanda ya koma Berlin a shekarar da Bakatsine ya rasu, shi ya tsara dabarun tarawa a littafi mai juzu'i uku tsakanin 1768 da 1770, kuma daga irin wannan tsari littattafan jami'a na yau suka gangaro.

Don a ga yadda tsohuwar dabara ke aiki cikin sabon fanni, sai a koma ga lambobin Alhawarizmi. A ce ana son tara ɗaya bisa saiwar 39 − 10x − x². A yadda yake, babu ƙa'idar da ta san fuskarsa. Sai a tuna da giɓin nan na 25: in an cike shi, 39 − 10x − x² ya zama 64 − (x + 5)². Yanzu abin ya fito fili, murabba'in 8 ne aka debe masa wani murabba'i, wanda kuwa siffar alwatika ce mai dogon gefe 8 da gefe guda x + 5. Sai a yi musanya, a ce x + 5 = 8 sin θ. Saiwar ta koma 8 cos θ, ɗan ƙarin x kuma ya koma 8 cos θ sau ɗan ƙarin θ. Na sama ya cinye na ƙasa, abin da ya rage a tara shi ne θ kawai. Amsa ita ce kusurwar da sain ɗinta ya zama (x + 5) bisa 8, tare da adadin nan tsayayye da ake ƙarawa kullum. Da a ce bayan cikewa murabba'ai biyun haɗuwa suka yi, da tanjan za a kira. Da kuwa adadin da aka sani ne aka debe daga murabba'in da ba a sani ba, da sikan. Cika murabba'i shi ke nuna wa ɗalibi wanne ne daga cikin ukun yake gabansa.

Akwai wani abin sha'awa a ƙarƙashin wannan misali. Saiwar 39 − 10x − x², in an zana ta, rabin da'ira ce wadda cibiyarta ke kan −5, nisan cibiya zuwa baki kuma 8. Ta taɓa ƙasa a wuri biyu: a 3, amsar da aka bayar a Bagadaza, da kuma a −13, amsar da Alhawarizmi bai karɓa ba, domin a wajensa gona ba ta da gefe ƙasa da sifiri. Filin da ke ƙarƙashin bakan, daga −13 zuwa 3, rabin filin da'irar ne, watau 32 sau π, kimanin 100 da rabi. Gonar manomin nan mai kusurwa huɗu ashe da'ira ce take kwance a bayanta.

Daga Nasarawa zuwa Dutse

Wannan sashe na lissafi ta hanyar boko ya iso, kuma a makare. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyar da ƙidaya, kuma babbar bukatar gwamnati a lokacin ita ce malaman da za su riƙe littafin haraji. A lardin Kano, wanda Dutse take cikinsa a matsayin gunduma, an yi tsarin taki, inda malamai ke auna gonaki da ƙafa don a yanka haraji. Kwalejin Katsina ta biyo baya a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a can ne Iya Abubakar, ɗan Adamawa wanda ya yi digirinsa na uku a Kambirij, ya shugabanci sashen lissafi, daga bisani ya riƙe jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara da ta Kafin Hausa da ta 'yan mata a Taura, waɗanda suka faɗa cikin Jigawa da aka ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agusta, 1991. Jami'ar Tarayya ta Dutse an kafa ta a 2011, ta jiha a Kafin Hausa kuma a 2013.

Abin da ya ɓace a wannan doguwar hanya shi ne zanen. Yaro a Jahun ko Birnin Kudu yakan haddace cewa a raba biyu a ninka a ƙara, cikin harshen da bai gama mallaka ba, ba tare da an taɓa nuna masa gonar da giɓinta ba, kuma kalmar Ingilishi da ake kiran murabba'i da ita a wajensa ɗan ƙaramin 2 ne da ake ɗorawa a kafaɗar harafi. In ya je jami'a aka ce ya ga alwatika a cikin 64 − (x + 5)², ina zai gan ta? Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci, ya nuna ba su yi baya a lissafi ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yarda a fara da harshen gida a azuzuwan farko, an kuma yi aikin tsara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsuna tara, har da Hausa, amma aikin bai hau zuwa matakin aljabara da kalkulas yadda ya kamata ba.

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin wannan mataki ba su duba rumbun da kyau ba. Murabba'i yana nan, saiwa fassarar jizri ce kai tsaye, da'ira da alwatika da kusurwa da sifiri duk suna nan, inuwa ma ta fi tanjan bayyana abin da ake nufi. Wadda ta fi wuya ita ce kalmar tarawar kalkulas kanta, da doguwar alamar nan ∫ da ke tsorata ɗalibai. Leibniz ya fara rubuta ta a takardunsa a watan Oktoba na 1675, kuma harafin s ne kawai ya ja ya yi tsawo, farkon kalmar Latin summa. Ma'anar summa kuwa jimla, kalmar da ke bakin kowane mai awon dabino a kasuwar Shuwarin.